Watanni biyu na shiru: abin da ke gudana a mahaifar karya bayan karnuka sun watse

Duk mai karya a Birnin Kebbi ko Argungu ya san makon da unguwa ba ta barci. Da fari ɗigon jini ake gani a ƙasan zaure, daga nan karnukan da ba a san masu su ba su fara taruwa a bayan katanga, ana haushi ana cizon juna har asuba. Bayan kwana ashirin ko ƙasa da haka kowane kare ya kama gabansa, mai gida ya ce alhamdu lillahi, an rabu da fitina. A lissafin mutane zance ya ƙare ke nan. A jikin karyar kuwa yanzu aka soma, domin aikin da ya fi nauyi kuma ya fi haɗari yana gudana ne a watanni biyun da ke biye, lokacin da babu mai waiwayarta.

Maganar ba ta masu karen ado kaɗai ba ce. Mafarautan da ke shiga daji da rani bayan an kwashe amfanin gona, da makiyayan da ke sauka fadamar Gulbin Kabi da shanunsu, da manoman shinkafa da ke barin kare a bukka, da ma'aikacin da ya ajiye karen Turawa a Gesse don gadi, duk suna da ruwa da tsaki a ciki. Mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Kabi ta yarda a riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma wanda ya riƙe dabba ya ɗauki nauyin lafiyarta. Ga maharbi ma, karya mai jinin farauta jari ce, don ita ke ba shi karnukan baɗi.

Yadda mahaifar take

Mahaifar karya reshe biyu gare ta, dogaye, sirara, kowanne ya miƙe zuwa ma'ajiyar ƙwai da ke kusa da ƙoda. Tsawon nan ne ke ba 'yan kwikwiyo shida ko takwas damar jeruwa a ciki. Idan aka yanka bangonta aka duba, hawa uku ne: fatar waje, da tsokar da ke matsawa lokacin haihuwa, da shimfiɗar ciki. Wannan shimfiɗa ita ce abin dubawarmu. A samanta akwai jeri ɗaya na ƙwayoyin halitta da suka lulluɓe ta. Daga saman nan wasu 'yan bututu ne suka nutsa ƙasa har kusa da tsoka, aikinsu tsatso ruwan da ɗan tayi zai rayu a kansa. Tsakanin bututun kuwa akwai nama mai laushi cike da ƙananan jijiyoyin jini.

Sinadarai biyu da ma'ajiyar ƙwai ke fitarwa su ke juya wannan shimfiɗa. Na farko istirojin, shi ke kumbura ta ya sa ƙwayoyinta su hayayyafa. Na biyu furojestaron, shi ke sa bututun su yi rassa su cika da ruwa, ya rufe bakin mahaifa, ya kwantar da tsoka. Wani masani ɗan Ingila, Walter Heape, shi ya raɗa wa matakan zagayen haihuwa na dabbobi sunayen da likitoci ke amfani da su tun 1900. A 1931 kuma Evans da Cole na Jami'ar Kalifoniya suka wallafa cikakken nazari a kan zagayen karya. Matakan huɗu ne: kwanakin jini, wajen 9, kwanakin karɓar namiji, su ma wajen 9, watanni biyu na furojestaron, sai hutu na wata huɗu ko biyar. Duka-duka kusan wata bakwai, ko da yake wata karyar tana yi a wata biyar, wata kuma sai ta kusa shekara. Karen Basenji na tsakiyar Afirka sau ɗaya tak yake yi a shekara.

Jinin nan ba haila ba ne

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga jini a ce karya tana al'ada irin ta mata. Abin kishiyar haka ne. Jinin hailar mace yana zuwa a ƙarshen zagaye, lokacin da ciki bai shiga ba, shimfiɗa ta rushe ta zubo. Jinin karya kuwa a farkon zagaye yake zuwa, lokacin da ake ginin shimfiɗar. Istirojin ne ke cika ƙananan jijiyoyi har bangonsu ya saki, jajayen ƙwayoyin jini su silale ta tsakanin ƙwayoyin bango su faɗa cikin mahaifa, ba tare da wani abu ya yage ba. A wannan lokaci ƙwayoyin saman shimfiɗa, waɗanda a da gajeru ne, suna yin tsawo suna rabuwa gida biyu-biyu, naman da ke ƙarƙashinsu kuma yana jiƙewa da ruwa. Daga waje abin da ake gani shi ne gabanta ya kumbura, maza suna binta, ita kuma tana yi musu gurnani tana zaunawa a kan wutsiyarta.

Likita ba ya buƙatar buɗe ciki kafin ya san inda aka kwana. Fatar cikin farji tana bin umarnin istirojin sau da ƙafa, daga hawa biyu ko uku na ƙwayoyi ta yi kauri ta kai hawa ashirin ko fiye. Sai ya ɗauki tsinke mai auduga, ya shafo ciki, ya murza a kan ɗan gilashi, ya zuba rini, ya sa a madubin likita. A lokacin hutu zai ga 'yan ƙwayoyi ƙanana, kewayayyu, kowace da babban ɗigo a tsakiya. A kwanakin jini suna faɗaɗa, jajayen ƙwayoyi sun cika fili. Ranar da ta shirya karɓar namiji, kusan duk abin da ke kan gilashin manyan ƙwayoyi ne, shimfiɗaɗɗu masu kusurwa, ɗigon tsakiyarsu ya ƙanƙance ko ya ɓace, bayan fili kuma fes. Sannan wata rana, cikin kwana ɗaya ko biyu, hoton ya juye: ƙananan kewayayyun sun dawo, fararen ƙwayoyin jini sun yi dafifi. Idan ta ɗauki ciki, daga wannan rana kwana 56 zuwa 58 ake ƙirgawa ta haihu. Gwaji ne mai arha, ba ya son komai sai gilashi da rini da ido mai sani.

Ranar da ta tsaya

Karya ba ta yarda da namiji sai istirojin ya fara sauka furojestaron ya fara hawa. A nan ta bambanta da saniya da tunkiya, domin furojestaron ɗinta yana tashi tun kafin ƙwai ya fito. Jinin ya kan dushe ya koma ruwa-ruwa, ta tsaya cak ta kawar da wutsiya gefe. Ƙwan da ta saki ɗanye ne, sai ya ƙara kwana biyu ko uku a hanya kafin ya nuna. Maniyyin kare kuwa yana shiga bakin bututun nan na shimfiɗa ya maƙale, ya rayu kusan mako guda yana jira. Shi ya sa karyar da ke yawo take iya haifar 'ya'ya masu uba daban-daban a ciki ɗaya, kuma shi ya sa wanda ya ƙirga daga ranar barbara zai ga haihuwa ta zo tsakanin kwana 57 da 72, alhali daga fitar ƙwai kwana 63 ne kusan kullum.

A nan akwai abin da ya kamata a tsawata wa yara a kai. Bayan barbara karnuka kan maƙale na minti goma zuwa talatin. Halitta ce, da kansu suke rabuwa. Jifa da sanda da ake bin su da shi suna yaga naman macen, su raunata namijin, ga kuma cizon da yaro zai iya sha.

Wani abu kuma yana faruwa a ɓoye. Tun daga kwanakin jini har ƙarshen kwanakin karɓar namiji bakin mahaifa a buɗe yake, ƙwayoyin cuta daga farji suna haurawa ciki, ko an yi barbara ko ba a yi ba. A karya mai lafiya mahaifa tana share su kafin ƙofa ta rufe. Idan ba ta gama sharar ba, an kulle ƙofa da su a ciki.

Cikin da babu ɗa

Ga inda karya ta fita daban. A wurin da ƙwai ya fito, wani ƙulli rawaya yana tsirowa, shi ne ke zubo furojestaron. A saniya, idan ciki bai shiga ba, shimfiɗar mahaifa da kanta take aika sinadarin da ke kashe ƙullin, saniya ta dawo neman bijimi a kwana 21. Tunkiya tana dawowa a kwana 17, akuya a 21. Mahaifar karya ba ta aika wannan saƙo. Ƙullin zai ci gaba da aiki wata biyu cur, da ciki ko babu ciki, har ma na marar cikin ya kan ɗan fi daɗewa. Ko an cire mahaifar gaba ɗaya, wa'adinsa ba ya canjawa.

Saboda haka shimfiɗar tana yin duk shirin karɓar ɗan tayi. Masu bincike a Jami'ar Ghent ta Beljiyam sun nuna a farkon shekarun 2000 cewa girman shimfiɗar kashi biyu ne: a kwanakin jini ƙwayoyin sama ne ke hayayyafa, bayan kwanakin karɓar namiji kuma aikin ya koma can gindin bututu. Bututun su yi tsawo, su nannaɗe, su yi rassa, su cika da ruwa mai kauri. Furojestaron yana kai ƙololuwa wajen mako na uku zuwa na huɗu. A lokacin mahaifar ta yi kauri har ta murɗe, bakinta a rufe gam, tsokarta ba ta motsi, garkuwar da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta a cikinta kuma ta yi sanyi, domin jiki ba ya son ya far wa ɗan tayi. Kamar fadamar Argungu ce da ruwa ke malalewa ya janye, a yi kaftu, a shuka, a girbe, a bar ƙasa ta huta. Sai dai a nan ana yin kaftu da ban ruwa ko da ba a jefa iri ba.

Da furojestaron ya sauka a ƙarshen wata na biyu, sinadarin da ke kawo nono yana tashi. Sai a ga karyar da aka kulle tun farko, wadda ko inuwar namiji ba ta gani ba, nonuwanta sun cika, tana haƙa rami a gindin rumbu, tana jan tsumma ko takalmin yara tana kwanciya a kai. Mutanen gida su ce ta yi ɓari ko ta cinye 'ya'yanta. Cikin bogi ne, yawanci yana wucewa da kansa a mako biyu ko uku. Tatsar nonon ba ta rage shi, ƙara shi take yi.

Idan ciki ya shiga

'Yan tayin suna isowa mahaifa wajen kwana goma bayan fitar ƙwai, su yi kusan mako guda suna shawagi a cikin ruwan bututu, suna rarraba kansu tsakanin rassan biyu. Wajen kwana 17 ko 18 suke kafewa. Mabiyiyar kowanne tana zagaye shi a tsakiya, tana cin saman shimfiɗa har ta jingina da jijiyoyin uwa. A gefenta biyu jinin uwa yana taruwa, ɗan tayi yana ɗibar sinadarin ƙarfe daga ciki, abin da ya rage ya koma kore shar. Wannan ne koren ruwan da ake gani a haihuwar karya. Idan ya biyo bayan ɗan fari, babu komai. Idan kuwa ya fito alhali ko ɗaya bai faɗo ba, kuma lokaci yana tafiya, mabiyiya ta fara ɓallewa, 'ya'yan suna cikin haɗari, a nemi likita.

Bayan haihuwa ruwan biƙi ya kan yi mako uku ko fiye yana raguwa, amma wuraren da mabiyiya ta kafe ba sa gama warkewa sai wajen mako 12. A wasu karnuka masu ƙarancin shekaru, musamman a haihuwar fari, wuraren ba sa rufewa da wuri, jini ya yi ta ɗiga har bayan mako shida.

Hutun da ba hutu ba

A ƙarshen watannin furojestaron ƙwayoyin saman shimfiɗa suna cika da ɗigon kitse, a madubi a gan su kumfa-kumfa. Daga nan su saɓule. Ƙwayoyin gindin bututu da yawa suna mutuwa bisa tsari, wasu fararen ƙwayoyi su zo su kwashe gawarwakin da ragowar tsohon jini. Sabon jeri na gajerun ƙwayoyi ya lulluɓe wurin. Wannan gyara ba ya kammala sai wajen kwana 120 zuwa 150 daga farkon zagayen, ko da karyar ba ta haihu ba. Abin da ya sa ke nan karyar da ke dawowa jini ƙasa da wata huɗu ta kan kasa riƙe ciki: ɗan tayi ya iso ya tarar ba a gama gyara ba. An fi sanin wannan a karnukan Jamus da ake kira Alsatian da kuma Rottweiler, irin waɗanda ake saye da tsada don gadi.

Inda abin ke ɓaci

Karya ba ta daina zagaye don tsufa. Kowane zagaye kuwa yana barin tabonsa. Shekara bayan shekara wasu bututun ba sa komawa yadda suke, bakinsu ya toshe, su kumbura su zama 'yan ƙuraje masu ruwa. Wani likita a Glasgow mai suna Dow ya yi bayanin wannan dalla-dalla a ƙarshen shekarun 1950. Idan ƙwayar cuta, wadda galibi E. coli ce daga hanjin karyar kanta, ta samu irin wannan wuri a rufe, ga abinci ga rashin tsaro, mahaifa tana cika da mugunya. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin tiyatar ba ya mantawa: rassan da a lokacin hutu ba su wuce kaurin fensir ba, likita yana zaro su a hankali da hannu biyu, sun yi tim, jijiyoyi sun fito raɗau a jikinsu, yana kaffa-kaffa kada su fashe a cikin ciki.

A Suwidin, inda ake yi wa karnuka inshora kuma ba a cika cire musu mahaifa ba, wani nazari na 2001 ya gano kusan ɗaya cikin huɗu na kamuwa da wannan ciwo kafin su cika shekara goma. A nan gida, karyar da ke yawo tana ɗaukar ciki kusan kowane zagaye, kuma ba kasafai take kai tsufa ba. Wadda ta fi shiga layin ciwon ita ce wadda aka killace, ana ciyar da ita da kyau, ta daɗe a duniya, tana yin zagaye bayan zagaye babu ciki. Wato yadda riƙon kare a cikin gida ke ƙaruwa a birane, haka ya kamata a sa ran ciwon zai ƙaru.

Ciwon iri biyu ne. Idan bakin mahaifa ya ɗan buɗe, mugunya mai wari tana fitowa, ƙudaje suna bi, mai gida ya farga. Idan a rufe yake babu abin da ke fita, wannan ne mai kisa. Alamunsa su ne kasala, ƙin abinci, amai, ciki ya ɗan tasa, da yawan shan ruwa da fitsari, domin dafin ƙwayar cutar yana hana ƙoda riƙe ruwa. Yawanci yana bayyana ne tsakanin mako huɗu zuwa goma bayan karnuka sun watse.

A ɗauki karyar da ta fara jini a farkon Janairu, cikin hunturu. Wajen 10 ga wata za ta tsaya, wajen 20 karnuka su watse. Makonnin haɗarinta za su faɗo daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, daidai shigowar bazara, lokacin da zafi a Birnin Kebbi ke haura digiri 40. Karya ta kwanta a gindin randa tana ta shan ruwa, ba ta son tuwo, kowa zai ce zafi ne. Maharbi ya ce, "Likita, kasalar bazara ce ke damunta." Likitan da ya san aikinsa ba magani zai fara rubutawa ba, tambaya zai yi: "Baba, yaushe rabon da ta yi jini?" Amsar wannan tambaya ita ke kai shi ga hoton sikanin da gwajin jini. Maganin da ya fi tabbas shi ne tiyata a cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai. Akwai allurai da ake gwadawa a kan ƙaramar karyar da ake son irinta, amma sai a ƙarƙashin idon likita, kuma ciwon yana iya dawowa a zagaye na gaba. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Birnin Kebbi, ga kuma asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda hanyarsa ta bi ta Argungu.

Ba kowane jini ne na zagaye ba. Idan karya tana ɗigar jini wata da watanni, ga wani jan tsiro mai gutsi-gutsi a gabanta, wannan wata irin sankara ce da karnuka ke ɗauka a wurin barbara. Ƙwayoyin tsiron ne da kansu ke tsallakawa daga kare zuwa kare, tun dubban shekaru. Tana da yawa a duk inda karnuka ke yawo sakaka, kuma tana jin allurar vincristine da ake yi mako-mako.

Allurar da ake nema a kemis

Wanda ya gaji da tarin karnuka a ƙofar gida ya kan ji shawarar a yi wa karya allurar tazarar haihuwa ta mata. Wannan allura ƙanwar furojestaron ce, mai daɗewa a jiki. Yi wa karya ita daidai yake da tsawaita watannin nan biyu na haɗari zuwa wata da watanni, ba tare da barin shimfiɗa ta yi gyara ba. An taɓa sayar da irinta don karnuka a Amurka, aka janye ta daga kasuwa a shekarun 1960 saboda ciwon mahaifa da ta jawo. Haka allurar istirojin da ake yi bayan barbarar da ba a so, ita ma tana buɗe hanyar mugunya. Wannan hukunci na karnuka ne, kada a ɗora shi a kan mata, domin mahaifar mace da ta karya ba sa amsa wannan sinadari iri ɗaya.

Mai karya yana da zaɓi uku na gaskiya. Idan yana son iri, ya bar ta ta wuce jinin fari, ya zaɓi namiji mai lafiya, ya ba ta lokacin warkewa bayan haihuwa. Idan ba ya so, ya kai ta a cire mahaifar a lokacin hutu, wajen wata uku bayan jini, sa'ad da jijiyoyi suka lafa, aikin ya fi sauƙi da arha a kan tiyatar gaggawa. Idan kuwa zai bar ta haka, sai ya killace ta mako uku, ya tabbata an yi mata rigakafin haukan kare, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke sarrafawa, domin taron mazan nan wurin cizo ne, sannan ya sa mata ido wata biyu bayan nan. Duk ukun suna buƙatar abu ɗaya da ba ya cin ko kwabo: ranar da aka ga ɗigon farko, a rubuta ta a jikin kalanda ko a waya. Likitan da aka ba shi wannan rana ya san matakin da shimfiɗar take ciki tun kafin ya taɓa karyar, kuma a ciwon mugunyar da bakin mahaifa ke rufe, kwana biyu na jinkiri sun isa su raba mai warkewa da wadda za a binne.